Intabiyu a Gaban Suruki

"Ki janye, Adawiyya."

Adawiyya ta ɗago kai ta dubi Suhaibu kamar yau ta fara ganinsa. A zauren gidansu suke, can bayan rijiyar Kusugu a Daura, shi a kan tabarma, ita a bakin ƙofar shiga gida, don tun shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a mahaifinta Malam Kalilu ya soke zancen dare. Mai son ɗiyarsa ya zo da la'asar, ya zauna inda kowa zai gan shi.

"Me ka ce?"

"Na ce ki janye daga intabiyun nan. Don Allah, rabin raina..."

"Yau kuma ni ce rabin rai, da za a ce in zubar da karatuna?"

Ya sunkuyar da kai yana juya makullin babur ɗinsa. Suhaibu mutum ne da zai shiga kara ya yi ciniki da gogaggun dillalan shanu ko gumi bai yi ba, amma a gaban wannan siririyar yarinya kullum bakinsa mutuwa yake.

Abin da ya kawo rigimar ba ɓoyayye ba ne. Adawiyya tana karatun kiwon lafiyar dabbobi a kwaleji, kuma lokacin fita sanin makamar aiki ya zo. Ƙa'idar ita ce kowane ɗalibi ya nemo wa kansa inda zai yi 'yan watanni yana koyon aiki a hannun ƙwararru, ya kawo wa makaranta shaidar an karɓe shi. Wanda bai samu ba ya maimaita shekara. Shi kuwa Malam, ranar da ya yarda ta shiga kwaleji bayan an kai ruwa rana, magana ɗaya ya yi: bai hana karatu ba, amma ranar da aka ce ta maimaita, ranar ta gama, ta tattaro littattafanta ta dawo gida. Kuma kaf unguwar ba wanda ya taɓa jin Malam ya yi magana biyu.

Ta yi nema har takalminta ya cinye. A Sandamu aka ce mata gurbi ya cika. A wani ofis, mutumin da ta tarar ya ƙare wa hannuwanta kallo ya tambaye ta ko da waɗannan za ta kayar da bijimi, ya yi dariyarsa ya ci gaba da ɓare gyaɗa. Wani kuwa ya yi ta ce mata ta dawo gobe, goben da har yau ba ta zo ba. Samarin ajinsu duk sun samu, wasu ma wuri biyu suna zaɓe. Ita abin da ya rage mata shi ne asibitin dabbobi na ƙungiyar fataken shanu, a kan hanyar Kongolam, inda aka ce saura gurbi ɗaya, shi ma sai an yi intabiyu.

Shugaban ƙungiyar nan kuwa Alhaji Ɗantsoho ne, mahaifin Suhaibu.

Da can Alhaji ba ya zama wurin intabiyu, likitan asibitin, Dakta Sada, yake bar wa. Bana ne kawai aka ji cewa da kansa zai zauna. Ga shi an riga an kai gaisuwar iyaye gidan Malam, wato Alhaji ya zama suruki ke nan. Gidansu kuma asalinsu makiyaya ne, sun shigo gari da shanunsu da kunyarsu. Suruka a gidan nan ba ta faɗin sunan suruki, ba ta ɗaga ido ta dube shi, in ta hango shi a lungu sai ta sauya hanya. Matar yayan Suhaibu ta yi haihuwa ta sake a gidan, har yau Alhaji bai san muryarta ba.

"Ki duba," in ji Suhaibu a hankali. "In kin shiga kin yi shiru, kin faɗi. In kin buɗe baki kin amsa masa, kafin magariba an gama yaɗa cewa mara kunya na ɗebo. Gwaggo Shatu jira kawai take."

Gwaggo Shatu ƙanwar Alhaji ce, kuma tun Suhaibu na yawo da gajeren wando ta yi wa ɗiyarta Zaituna kamunsa. Ita ce ta je ta zuga yayanta cewa bai kamata shugaba guda ya bari a ɗauki mai taɓa dukiyar jama'a bai gani da idonsa ba. Wannan kam Adawiyya ba ta buƙatar a gaya mata, ta san hannun da ya ɗaure igiyar.

Suhaibu ya ci gaba da lallashi. Ya ce ta haƙura da bana, in an ɗaura aure iko ya dawo hannunsa, shi da kansa zai mayar da ita makaranta. In kuma ba ta yarda da haka ba, ta bar shi ya je ya ga Dakta Sada a ɓoye, a ba ta gurbin ba sai ta shiga ɗakin ba.

"Wato in shiga gidanku a matsayin wadda karatu ya gagara," ta ce, "ko kuma wadda aka ba gurbi don za ta auri ɗan shugaba. Wanne daga ciki Gwaggonka za ta bari in manta? Da idona na yi karatun nan, Yaya Suhaibu. Zan je."

"Ko da zai raba mu?"

Tana sonsa, so irin wanda ke hana ta cin abinci duk lokacin da ya bi motar shanu zuwa Kurmi. Amma ta miƙe ta gyara hijabinta.

"In intabiyu zai raba mu, to da ma ba a haɗe muke ba."

Ta shige gida da sauri. Sai da ta kai bayan ɗakin girki, inda ba mai gani, ta bar hawayen suka zubo.

Washegari da hantsi sai ga Gwaggo Shatu da kanta, da ƙunshin goro da baki kamar zuma. Ta zauna a tabarmar Inna, mahaifiyar Adawiyya, ta yi ta yabon tarbiyyar gidan Malam, sannan ta karkato ta ce ita fa don Allah ta zo. Wata magana marar daɗi ta ji a gari, wai yarinya za ta zauna gaba da gaba da surukinta tana zuba masa Turanci. Ita dai ta ƙaryata, ta ce ɗiyar Malam Kalilu ba za ta taɓa yin haka ba. Adawiyya na tsakar gida tana wanke-wanke, komai a kunnenta, ta yi ta dirzar tukunya har ta kusa huda ta.

Da baƙuwar ta tafi, Inna ta tasa ta a gaba da roƙo har da hawaye. Ta ce miji irin Suhaibu ba a tsintar sa a hanya, karatu kuwa wanda ta yi ma ya isa mace. Da abin ya ƙi, aka kai gaban Malam. Ya saurari kowa yana jan carbi, sannan ya ce addini bai hana ƙarami amsa tambayar babba ba, al'ada ce ta hana, ita kuma al'ada tana da mutanenta, sai mutum ya san yadda zai zauna da su. Maganarsa ta maimaici kuwa tana nan inda ya ajiye ta.

"To in je, Malam?"

"Karatun naki ne, surukan ma naki ne."

Ta ɗauki wannan a matsayin izini, tun da dai bai ce a'a ba.

Ranar intabiyu ta zaɓi hijabinta mafi tsawo, ta shiga motar Kongolam, ta sauka a bakin asibitin. Warin kashin shanu da na magani ya tarye ta tun daga ƙofa, abin da ke sa ƙawayenta toshe hanci, ita kuwa sai ta ji hankalinta ya ɗan kwanta. Samari biyu ta tarar a kan benci. Kowanne ya shiga da kuzarinsa, ya fito yana share gumi da hula.

Da aka kira ta, ta cire takalmi a waje, ta yi sallama, ta durƙusa nan bakin ƙofa idonta a kan siminti. Daga inda take ƙafafu kawai take iya gani: takalmin Dakta sau-ciki, sai wasu busassun ƙafafu da aka zare daga takalmi don shan iska, da sanda a jingine.

Dakta Sada baƙo ne a Daura, bai san wa ke neman auren wa ba. Ya duba sunan da ke gabansa ya karanta da fara'arsa.

"Adawiyya Kalilu, daga bayan Kusugu. Taso ki zauna a kujera mana."

Sai ta ga busassun ƙafafun nan sun fara lalubar takalmi, na dama yana neman shiga na hagu.

A nan ta gane abin da ya faru. Alhaji bai san za ta zo ba. Gwaggo Shatu da ta turo shi ba ta gaya masa ba, da gangan. Suhaibu kuma da ya sani, kunya ta hana shi, don a gidansu ɗa ba ya kai wa ubansa zancen budurwarsa. Rabin Daura ta san Adawiyya za ta zauna a gaban surukinta, ban da shi surukin. Duk tsoron da ta kwaso daga gida, ashe dattijon ya fi ta ruɗewa.

"Dakta, ni zan ɗan fita," in ji Alhaji, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Dakta ya yi mamaki, ya tuna masa cewa shi da bakinsa ya ce bana duk wanda bai saurara da kunnensa ba ba za a ɗauke shi ba. Alhaji ya ce to waɗanda ya saurara sun isa, a zaɓa a cikinsu. Ya ɗauki sandarsa ya miƙe. Hanyar fita kuwa ɗaya ce, kuma Adawiyya ce durƙushe a bakinta.

Ta ji motsin babbar rigarsa yana matsowa. In ta kauce, kowa zai yaba mata, Inna za ta yi barci, Gwaggo Shatu za ta rasa abin faɗa, ita kuma ta koma gida ta saka littattafanta a akwati har gara ta cinye. Baƙin ciki ya taso mata, bayansa kuma taurin kan gidan Malam ya biyo. Ba ta kauce ba.

"Baba, don Allah ka zauna."

Rigar ta daina motsi.

"Na san na taka al'ada, ka yafe min. Amma yau ba surukarka ce ta zo ba, ɗaliba ce mai neman wurin koyon aiki. Ka saurare ni kamar yadda ka saurari waɗanda suka fita. In ban cancanta ba a ba su. In na fita ƙofar nan kuwa, ba za ka ƙara jin muryata ba sai ranar da ka nema."

Can ta ji an ja kujera. Alhaji ya zauna, amma sai da ya juya kujerar ta fuskanci taga, ya ba ɗakin ƙeya. Sai a lokacin Dakta Sada ya gane inda aka dosa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

Aka fara tambayoyi, tana durƙushe inda take. Dakta ya tambaye ta alamun ciwon huhu a shanu, ta jero su. Ya tambaye ta yadda ake riƙe rago in za a yi masa allura, da dalilin da ya sa ba a shan nonon saniyar da ke kan magani, ta amsa muryarta na daɗa tsayuwa. Da ya kawo zancen maganin raƙumi, ta ce wannan ba ta sani ba, ba a kai su can ba, kuma irinsa ne ya kawo ta nan. Dakta ya gyaɗa kai ya yi ɗan rubutu.

Sai Alhaji ya yi gyaran murya, ya yi magana da taga.

"Dakta, a tambaye ta. In mai saniya sa'an ubanta ne, kuma ya yi kuskure, za ta iya gaya masa?"

Dakta ya buɗe baki zai maimaita, ta riga shi.

"Zan durƙusa in gaishe shi, sannan in gaya masa."

Alhaji ya ɗan buga sandarsa a ƙasa.

Daga nan Dakta ya ce a fita bayan asibiti, don aikin dabbobi ba a kan kujera ake gane mai iya shi ba. Makiyaya biyu na riƙe da wata jar karsana, kyakkyawa, wadda waya ta yanka a cinya. An shafe ciwon da baƙin mai, irin wanda ake juyewa daga injin mota. Alhaji ya biyo su ya tsaya gefe, yana kallon katanga kamar yau aka gina ta.

"Me kika gani?" in ji Dakta.

Ta shafa wuyan karsanar har ta natsu, sannan ta taɓa gefen ciwon. Ya kumbura, ya yi zafi, ga wari ya fara tashi. Ta buɗe baki za ta yi bayani ke nan, idonta ya sauka a hannun farar rigar Alhaji. Ga tabon baƙin mai nan, ɗanye, tun daga bakin hannun rigar har gwiwar hannu. Ta waiga wajen Dakta, sai tari ya kama shi ba gaira ba dalili, ya ɗaga kai yana duba sama ko hadari zai taso.

Da ta so, sai ta ce an yi ƙoƙari, ta lallaɓa maganar ta wuce. Ta tuna Suhaibu da makullin babur ɗinsa, ta ji kamar ta yi hakan. Amma ɗazu ɗazun nan ta ba da amsa a ɗaki, kuma mutumin da ya tambaya yana tsaye yana jira ya ga ko baki ne kawai.

Ta tattare hijabinta ta durƙusa a cikin kashin shanun.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya," ya amsa wa katanga.

"Wanda ya shafa baƙin mai a ciwon nan ya yi kuskure. Yana korar ƙuda, gaskiya ne. Amma ya rufe datti a ciki, ga shi ciwon ya fara ruwa. Kuma tana lasa, zai ɓata mata ciki."

Makiyayan nan biyu suka sunkuyar da kai kamar su aka kama. Alhaji ya dubi hannun rigarsa, ya naɗe shi ya ɗora a kafaɗa, ya juya ya tafi. Jim kaɗan suka ji tashin motarsa.

Adawiyya ta nemi ruwan ɗumi da sabulu da aidin, maganin wanke ciwo. Ta wanke ciwon tas, karsanar ta kai mata harbi ta ɓata mata hijabin da ta fi so, ba ta fasa ba sai da ta gama. Dakta Sada ya raka ta har ƙofa ya ce za ta ji daga gare su, da irin muryar da ake ta'aziyya.

Kafin ta sauka a tasha labari ya riga ta isa gida, kuma a hanya ya yi ƙiba. Wai ta daka wa Alhaji Ɗantsoho tsawa ta ce ya zauna kamar ɗan firamare. Wai ta nuna shi da yatsa ta kira shi jahili a gaban yaransa. Gwaggo Shatu ta shiga gida-gida tana tafa hannu, tana cewa ita da ma ta faɗa ba a ji ba. Inna ta daina zuwa suna da biki don gudun idon mutane. Zaituna kuwa ta fara aika kwanon abinci kara, wajen Suhaibu, a rufe da sabon kyalle mai ƙamshin turare.

Shi Suhaibu ko ƙeyarsa ba a gani ba. Duk la'asar Adawiyya na jin ƙarar babura a lungu, kowanne ya zo ya wuce. Ta rame, ta yi kuka har ta gaji, ga ranar rufe karɓar shaida a makaranta na ƙaratowa. Amma da Inna ta ce a nemi dattijai su je su ba da haƙuri a ce ƙuruciya ce, sai ta share ido.

"Ban zage shi ba, Inna. Gaishe shi na yi."

Rannan da la'asar wani babur ya tsaya. Ta ɗauki lokaci kafin ta fito. Ta tarar da Suhaibu a kan tabarma, shi ma ya faɗa, gemunsa ba gyara. Tausayi ya kama ta, ta danne shi.

"Kayan neman aurenku ka zo karɓa? Inna ta haɗa su."

"Adawiyyata..."

"Kar ka kira ni haka. Ina ka shiga?"

Bai yi mata ƙarya ba. Ya ce da farko fushi ya yi, don ya roƙe ta ta ƙi. Daga baya kuma kunyarta ce ta hana shi zuwa, da ya zauna ya ga cewa shi ne ya bar mahaifinsa ya shiga ɗakin nan a makance. Jiya Gwaggo Shatu ta tara dangi a gidan Alhaji don a yanke maganar janye neman aure. Aka yi ta magana, Alhaji na zaune yana sauraro. Shi kuma Suhaibu, wanda tun da ya yi wayo bai taɓa ɗaga murya a gaban ubansa ba, ya tsinci kansa a tsakiyar tabarma.

"Na ce laifina ne, na sani na yi shiru. Na ce in an fasa da ke, to a fasa yi min aure gaba ɗaya."

"A gaban Baba ka faɗi haka?"

"Bakina na rawa, amma na faɗa. Na ce tun da ke kin iya, bari ni ma in gwada."

Ta kawar da kai don kar ya ga murmushin da ya kufce mata.

Ya ce daga nan Alhaji ya yi wa Gwaggo tambaya ɗaya: ranar da ta tura shi zaman intabiyu, ta san ɗiyar Malam za ta zo? Gwaggo ta fara kame-kame. Sai ya ce mata yarinyar nan durƙusawa ta yi kafin ta gaya masa gaskiya, ita kuwa da suka fito ciki ɗaya tana tsaye ta tura shi ya je ya ji kunya. Ya ce tun yana saurayi yake shafa baƙin mai, likitoci nawa suka zo suka tafi suna kallonsa, ba wanda ya taɓa ce masa kanzil. Gwaggo ta tashi ko sallama babu. Kwanon Zaituna kuwa, Suhaibu ya rantse ko sau ɗaya bai buɗe ba, dillalai ne suka yi ta shan daɗi.

"To gurbin fa?" in ji Adawiyya.

"Haba, masoyiya. Ni na zo miki da zancen aure, ke gurbi kike tambaya?"

"Gurbin fa?"

Ya yi dariya, irin wadda rabonta da ji tun kafin rigimar. Ya ce Dakta Sada ya ce ta je gobe ta karɓi shaidarta.

Ba ta yi murna nan take ba. Ta tsare shi da ido.

"Baba ne ya sa a ba ni?"

"Baba ya ce shi ba ya shaidar surukarsa, ya zare hannunsa. Dakta ne ya zaɓa shi kaɗai."

Sai a lokacin ta rufe fuska da hijabi ta saki kuka, na daɗi da na gajiya duk a haɗe. Ya rasa yadda zai yi, tun da a zauren Malam ko gefen hijabi ba a taɓawa. Da ta lafa, ta ce da muryar da ta dishe, "Yanzu kana iya kirana."

"Adawiyyata..."

Daga cikin gida suka ji Malam ya yi gyaran murya mai ƙarfi, Suhaibu ya gyara zama.

Ta yi watanninta a asibitin, ta koyi maganin raƙumi, ta kuma kayar da bijimi ba ɗaya ba, da igiya da dabara. Duk ranar da motar Alhaji ta shigo sai ta shige ɗakin magani har ya tafi. Ta yi alkawari, ta kuma riƙe shi. Da ta kammala karatu aka ɗaura aure, Dakta ya riƙe ta a asibitin. A gidan surukai kuwa ba wadda ta kai ta kunya. Gwaggo Shatu ta zuba ido ta ga ranar da za ta yi tuntuɓe, har idon ya gaji.

Wata safiya da hantsi, ranar da ba ta zuwa aiki, suka ji sallama a ƙofar sashensu. Suhaibu ya ajiye kofin kunu ya fita da sauri, don Alhaji bai taɓa takowa wajen nan ba. Adawiyya ta lafe a bayan labule.

"Suhaibu, ɗiyar Malam na ciki?"

"Tana ciki, Baba."

"To a bar ta ta huta, ba ita nake nema ba. Likita nake nema. Jar saniyar nan ce ke naƙuda, abin ya zo da gardama."

Ta ɗora farar rigar aiki a kan hijabi, ta ɗauki jakarta ta fito. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa. Sannan ta miƙe, a karo na farko ta ɗaga ido ta dubi fuskar surukinta. Ashe a nan Suhaibu ya ɗauko idanuwansa.

"Tun yaushe ta fara, Baba?"

"Tun asuba." Ya miƙa hannu ya karɓi jakar daga hannunta, ya ƙara da sauri, "Ban shafa mata komai ba, Likita. Ke nake jira."

Ta shige gaba, ya biyo ta da jakar.